Hannun Baba da Yarinya Mai Tsani

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya yi wa aikinka albarka, ya tsare ku a inda kuke. Mu a nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa matakala ba tare da ta tsaya hutawa a tsakiya ba, ko da yake maganin hawan jinin nan sai an yi da gaske take sha. An mayar da maigidana aikin rana, yanzu yara suna ganin fuskarsa. Shagon ɗinki kuma yana nan yadda ka san shi, aiki ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin duk lokacin da muke waya gidan cike yake, kuma Baba ko ya rufe ido kunnensa a buɗe yake. Maganar kuwa tasa ce.

Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi muka dawo da shi da Umma ɗakin gaba na gidanmu. Bakinsa ya dawo daidai, ƙafa ma tana ɗaukarsa da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Ma'aikaciyar da ke gasa masa hannun a asibiti ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce in kawo masa maɓallai daga shago ya riƙa tsincewa yana zubawa a kofi. Kai ma ka san yadda abin zai yi wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da zarto da guduma a hannu. Ya ce shi ba jariri ba ne. Ƙwallon a ƙarƙashin gado muke tsinto shi, maɓallan kuwa ko kallonsu bai yi ba.

Abin da ya canza lamarin shi ne kwamfutar hannun nan mai alƙalami da ka aiko wa babbar 'yata, wadda Baba yake tsokana da Uwargida. Akwai wani katun da take bi ita da ƙawayenta, na wata yarinya da ke yawo da tsani a goye tana gyara wa mutane rufin gidajensu bayan hadari. Uwargida ta kan zana yarinyar a kwamfutar ta saka a wani zauren intanet na masoya shirin. A ɗakin Baba take kallo, shi kuma yana kwance kamar ba ruwansa. Wata rana ya ce mata wannan tsanin ko mage ba zai ɗauka ba, wanda ya zana shi bai taɓa hawa tsani ba a rayuwarsa. Ta ce masa ai baki ba ya zane, in ya isa ya karɓi alƙalamin ya nuna. Ya karɓa don ya kunyata ta. Layin farko ya fito kamar sawun tsutsa, ya harzuƙa zai ajiye, sai ta nuna masa wurin da ake taɓawa layin ya koma kamar ba a ja shi ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce da katako yana da irin wannan, da rabin baƙin cikin duniya bai same shi ba.

Daga nan ya kama. Kullum bayan karin safe sai ya sa a jingina masa filo, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya tura harshe gefen baki yadda yake yi in yana awo. Uwargida ta so ta kunna masa abin da ke miƙar da layi in hannu na rawa, ya ce a kashe, ba ya son a yi masa ƙarya. Ƙanena, da idona na ga yatsun nan suna buɗewa. Ya fara riƙe cokali da dama. Wata safiya ya fito ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa da kansa, Umma ta shige kicin don kada ya ga hawayenta. Da ya gama tsanin ya ce ba a barin tsani ba mai shi, sai ya zana yarinyar ma, ya sa mata launi, ya yi mata rufin gida a baya.

Uwargida don murna ta saka hoton a zauren nasu, ba ta faɗi shekarunsa ko ciwonsa ba, domin ya hana. Wasu sun yi kirki. Wasu kuwa sun ce hannayen yarinyar kamar ludayi, wani ya tambaya ko da ƙafa aka zana, wani ya ce mai wannan aikin ya nemi wata sana'a. Ta zo tana kuka tana son ɓoye masa, ya sa ta karanta masa duka. Abin mamaki bai girgiza ba. Ya ce waɗannan 'yan kallo ne, sun ga akwai aibi amma ba su san inda yake ba. Shi yana da ɗa wanda zane ne abincinsa, a tura masa, shi zai faɗi gaskiyar magana. Yadda ya faɗi hakan, da alfahari, har yanzu yana cikin kunnena.

Ka tuna abin da ka mayar. Ka ce ma sha Allah, ya yi kyau sosai, ka haɗa da hoton babban yatsa. Baba ya sa Uwargida ta ja saƙon sama ko akwai saura a ƙasa. Ta ce babu. Ya ce ta sake dubawa. Daga nan ya miƙa mata alƙalamin ya juya fuska bango. Sai bayan kwanaki ya gaya wa Umma abin da ke ransa, ita kuma ta gaya mini. Ya ce a shagonsa yaron da yake sa ran zai zama kafinta shi ne wanda yake juya wa kujera ƙasa ya nuna masa inda ƙafa ta karkace. Wanda ya fid da rai da shi kuwa, sai ya ce masa ya yi kyau, ya sallame shi, domin ɓata baki ne. Ya ce ashe ɗansa ya sa shi a layin marasa lafiyar da ake lallaɓawa har su tafi.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuta wannan ba. Na san zuciyarka. Na san ka buɗe hoton a tsakiyar aiki, ka ga rawar hannun mahaifinka a kowane layi, ka kasa cewa komai sai abin da ba zai yi ciwo ba. Ni ma da ni ce haka zan yi. Amma ga abin da ya biyo baya. Ya daina zanen, ya daina komai. Ya koma cin abinci da hagu. Da muka je asibiti ma'aikaciyar gashi ta buɗe yatsunsa ta ga sun fara naɗewa, ta ja ni gefe ta tambaye ni me ya faru a gida. Ta ce irin wannan hannun in aka bar shi ya kwanta na wani lokaci, ba lalle ya sake tashi ba. Uwargida kuma ta ɗauki abin a kanta, tana cewa ita ta jawo, ta cusa kwamfutar cikin durowa, nata zanen ma ta bari. Umma kuwa jininta ya sake hawa. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so.

Da na ga haka sai na ɗauki kwamfutar na tafi da ita shago. Ni ban san zane ba, amma na san yadda tufa ke zama a jikin mutum. Na buɗe hoton da yatsu biyu na bi shi kusurwa kusurwa, tsakanin wannan ɗinki da wancan. Da na dawo na shiga wurinsa, na zauna a bakin gado. Na ce masa tsanin nan ko makaho ya shafa zai san kafinta ya yi shi, domin kowane mataki ya shiga gurbinsa, kuma ƙasansa ya fi samansa faɗi yadda ya kamata. Na ce idanun yarinyar ma sun yi rai, ana ganin ta gaji amma ba za ta tsaya ba. Sannan na ce amma rigarta kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Wanda ya goya tsani mai nauyi haka, igiyar za ta danne kafaɗa, yadin ya tattare a wurin, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Tasa yarinyar tana tsaye ƙyam kamar auduga ta ɗauko.

Ya juyo ya harare ni. Ya ce tun yaushe tela ta fara koya wa kafinta nauyin katako. Na ce tun ranar da kafinta ya fara ɗinka riga. Na yi zaton zai kore ni. Sai ya ce a kira masa maigidana. Bawan Allah yana dawowa daga aiki ko takalmi bai cire ba, Baba ya sa shi ya ɗauko tsanin da muke hawa gyaran tankin ruwa, aka ɗaura masa a baya da igiyar shanya, yana kai da komo a tsakar gida, yara suna ta dariya. Baba yana bakin taga ya ƙura wa kafaɗarsa ido. Can ya ce ƙasa-ƙasa tela ta yi gaskiya, a kawo masa alƙalami.

Da a nan labarin ya ƙare da ban dame ka ba. Hannun ya koma baya sosai. Alƙalamin yana suɓuce masa, layin da a da yake ja sau ɗaya yanzu sai ya goge ya sake har ransa ya ɓaci. Ya gyara kafaɗar da ƙyar, ya tsaya. Ya ce ya san akwai sauran abin da ke damun hoton, yarinyar kamar ba ta taka ƙasa, hannayenta kuma bai san yadda zai yi da su ba. Ya tambaye ni, na ce iyakar sanina ke nan. Na ce a sake tura maka, ya ce a'a, kada a takura wa mutane masu aiki.

Don haka ga hoton nan na sa Uwargida ta tura maka ba da saninsa ba, tsohon da kuma wanda ya gyara. Ina roƙonka ka samu lokaci ka zauna ka dube shi yadda za ka dubi aikin abokin sana'arka. Abin da ya yi daidai ka faɗa masa, ka kuma faɗi dalili, domin yabon da ba dalili shi ne ya kwantar da shi. Inda ya kuskure ka nuna masa wurin, ka gaya masa abin da zai gwada, ko inuwa ce a ƙarƙashin ƙafa ko mene ne, kai ka sani. Kada ka zube masa duka a rana ɗaya, ka ɗauki abin da hannunsa zai iya yanzu, sauran ka ajiye masa na gaba, ya san akwai gaba. Kuma don Allah kada ka zana naka a kan nasa ka turo, zai ga kamar ka karɓe masa aiki. Ka yi masa da muryarka. In ya yi maka gardama ka tsaya a kan maganarka, gardamar ita ce alamar ya ji.

Jiya ina gyara masa shimfiɗa, yana kallon waje, ya tambaye ni ko har yanzu lambarka ita ce wadda ya sani. Na ce ita ce. Wayarsa dai tun daga lokacin tana gefen filonsa, kuma ya sa an ƙara mata sauti.

Umma tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Maigidana yana gaisuwa, ya ce har yanzu kafaɗarsa tana ciwo. Uwargida da ƙannenta suna gaida kawunsu. Ka gaida mini matarka da kyau, ka shafa mini kan Autarku, ka isar da gaisuwata ga surukarka in kun yi waya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka