Sallamar Fitila a Ƙofar Lovelyn

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Yau ma an kuma. Na tsaya a ƙofar ɗakin Lovelyn na ce "salama" yadda bakina ya saba, na ƙwanƙwasa, sannan na tuna ba ta ji, na tura ƙofa. Tana canja kaya. Ta zabura ta jawo zane, ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idon yaro ba, duk daɗewar da na yi ina koyarwa. Ba ta ci abincin rana ba.

Bari in tuna wa kaina dalilin ɗauko ta. 'Yar ƙanena ce, shekararta goma sha biyar, sanƙarau ya tafi da jinta. Ni na roƙi babanta Gregory ya ba ni ita daga Zonkwa, domin nan Zariya akwai ajin da ake koyar da masu irin lalurarta. Tana iya magana sarai, amma ta daina, wai ba ta san yadda muryarta ke fita ba. Sai rubutu a waya.

Da yamma Gregory ya kira. Ashe ta tura masa saƙo tana so ta koma gida. Ya ce, "Yaya Keziya, zan zo lokacin bikin Ista. In ta ce gida, to gida za mu." A ƙauyensu babu irin wannan aji. In ta koma, karatu ya ƙare, ga yarinya da kai a lissafi.

Ba za ta koma ba. Na faɗa.

Laraba, 5 ga Maris

A ɗakin malamai Malam Othniel na fiziks yana ta nuna wa mutane bidiyon ƙwan fitilar da ya sa a falonsa. Ya taɓa waya ya koma ja, ya sake taɓawa ya koma shuɗi. Ana ta yi masa tsiya wai ya mayar da gidansa wurin biki. Ni ban yi dariya ba. Zuciyata ce ta buga. Abin da kunne bai kama ba, ai ido zai kama! In fitilar ɗakinta ta canja launi, ta san ina ƙofa.

Na tsare shi da tambayoyi har shayinsa ya huce.

Asabar, 8 ga Maris

Kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan wuta, rana kamar za ta dafa mutum. Shagon wani Amaechi, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya jera mini iri uku. Akwai mai rimot kaɗai, ya ce wannan ba wayo gare shi ba, ado ne. Akwai mai aiki da wayfay, amma ɗan akwatin intanet ɗina da shi nake tafiya makaranta, kuma ran da data ta ƙare fa? Na uku yana haɗuwa da waya kai tsaye ta bulutut, ba ruwansa da data, kuma yana da ɗan rimot nasa.

Ya so ya tura mini wanda ke rawa da kiɗa. Na ce yarinyar da zan saya wa ba ta jin kiɗa. Ya mayar da shi kan kanta, ya ce, "Madam, ɗauki na ukun." Na sa ya gwada a gabana, na duba farin haskensa ko zai isa karatu, domin wasu launi kawai suka iya, farinsu kamar na aci-balbal. Wannan ya yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Gindinsa na murɗawa ne, mazaunin ƙwan gidan nan kuwa na 'yan ƙusoshi biyu. Malamar kimiyya guda!

Talata, 11 ga Maris

Mai gyaran wuta ya canja mazaunin. Na zaunar da Lovelyn a bakin gado, na fita, na rufe ƙofa, na danna rawaya. Da na shigo tana kallon sama, baki a ɗan buɗe. Ta karɓi wayar ta yi ta jan yatsa, ɗakin ya bi ta ruwan hoda, ruwan goro, ruwan toka, har wani launi da ban san sunansa ba. Ta yi dariya, da sauti. Ba ta san na ji ba.

Na rubuta mata: rawaya, Anti ce a ƙofa. Ta gyaɗa kai. Na kuma nuna mata kada ta kashe makunnin bango, in ta kashe wayata ba za ta same shi ba.

Jumma'a, 14 ga Maris

Abin yana aiki! Na ƙara launuka tunda ga su nan birjik. Kore, abinci ya sauka. Shuɗi, lokacin karatu. Ruwan hoda, addu'a. In yana ƙiftawa da sauri, haɗari ne, ta fito nan take. Na zana su da kyau a kwali na manna a bangonta. Manhajar har agogo gare ta, na saita shuɗi ya kunna kansa bayan la'asar ko ina makaranta.

Maƙwabciyata Malama Rahamatu ta shigo da ƙosai da kunun buɗa-baki, ba ta taɓa manta mu ba in suna azumi. Na nuna mata kwalin ina ta zuba. Ta duba ta ce, to ita yarinyar wanne launi ne nata? Na ce duka ai nata ne. Ta ce haka ne, ta ɗauki kwanonta.

Alhamis, 20 ga Maris

Da rana aka yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke. Ashe in aka kunna ƙwan nan aka kashe a jere, ɗauka yake ana so ya manta komai ya fara sabo, sai ya kama ƙiftawa. Ina makaranta. Lovelyn ta ga alamar haɗari, ta fito tsakar gida a guje ba takalmi, kanta rabi a tsefe, tana neman inda gobara take. Yaran gidan suka yi ta dariya. Rahamatu ce ta kore su ta mayar da ita ɗaki.

Ni na koya mata alamar. Ta bi abin da na ce, shi ke nan laifinta.

Gobe za a mayar da layin ɗakinta kan 'yar solar da ke riƙe mana fitilun falo. Ba zan bari ɗaukewar wuta ta kayar da ni ba.

Asabar, 22 ga Maris

An gyara. Na sake haɗa shi da waya. Ba ta kalle ni ba.

Laraba, 26 ga Maris

Shuɗi ya kunna, ba ta taɓa littafi ba. Kore, ba ta fito ba. Na danna rawaya na shiga da faranti. Tana tsaye kan kujera, ta kwance ƙwan, ta sauko ta ajiye shi a kan farantin kusa da shinkafa. Na fara laluben waya in rubuta mata faɗa.

Sai ta yi magana. Da baki. Muryar ta yi ƙarfi fiye da yadda take nufi, ta ɗan karkace, amma kowace kalma ta fito.

"Anti, kin yi sallama. Ban amsa ba."

Na tsaya da faranti a hannu kamar gunki. Ta ƙara da cewa ko a ƙauye, in mutum ya ce salama, tsayawa yake sai an ce ya shigo. Ta nuna kwalin bango ta ce wannan ba sallama ba ce, ƙararrawar makaranta ce.

Na fito.

Alhamis, 27 ga Maris

Raina a ɓace. Duk don wa nake yi? Jarrabawa na tafe, Ista na tafe. In ban tsara mata lokaci ba, wa zai tsara?

Amma dai... tun muna yara, ko ɗakin Mama ba ka faɗawa sai ta ce "shigo." Ni kaina na hukunta ɗalibai a kan haka.

Asabar, 29 ga Maris

Na koma wurin Amaechi. Kasuwa ta cika da masu sayayyar Sallah, da ƙyar na kutsa. Ya ce ko na farkon ya mutu ne? Na ce lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa nake nema masa. Wannan karon na duba gindin kafin in fito.

An sa sabon a waje, saman ƙofarta, ta gefen falo. Na haɗa shi da wayarta ita kaɗai, ba tawa ba. Na cikin ɗakin na mayar, na goge agogon, na cire shi daga wayata, na rataye ɗan rimot ɗinsa a ƙusa bakin ƙofa. Mai son shiga ya danna rawaya ya jira. Kore daga ciki, shigo. Ja, ba yanzu ba. Kwalin kuwa ni na ɓamɓare shi da hannuna, har ya tafi da fenti.

Ta karanta bayanin a wayata, ta kalle ni, ta rufe ƙofa. Na danna rawaya.

Ja.

Talata, 1 ga Afrilu

Ja. Da safe ja, da yamma ja. Tana fitowa ta ci abinci in ta ga dama, ta tafi makaranta ta dawo. Hannuna har ƙaiƙayi yake a kan mariƙin ƙofar nan. Ban taɓa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Tunda ba ni da abin yi a falo, na roƙi malamar ajinsu ta turo mini bidiyon maganar hannu. Yatsuna sun ƙi, kamar na tsohuwar da ke koyon saƙa. Tun zuwan yarinyar nan ya kamata in... to, yanzu dai na fara.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kore!

Na shiga a hankali kamar baƙuwa. Littattafai baje a gado. Ashe karatu take yi duk kwanakin nan, sai dai da asuba take so, ba bayan la'asar ba. Wani lissafin kusurwa ne ya tsaya mata. Muka yi shi tare. Da zan fita na gwada yi mata "na gode" da hannu. Ta tuntsire da dariya, ta kama yatsuna ta gyara. Wai abin da na yi wani abu ne daban, ta ƙi gaya mini mene ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gregory ya iso da doya da citta. Ko zama bai yi ba ya nufi ɗakinta zai tura ƙofa. Na riƙe masa hannu. Ya ce, "Yaya, ɗakin 'yata ne fa." Na ce nan gidan ana sallama, na miƙa masa rimot. Ya danna yana gunaguni wai mutanen birni da fitina. Muka tsaya mu biyu muna kallon saman ƙofa kamar masu jiran sakamako. Ya yi kore.

Sun daɗe a ciki. Ban bi shi ba, ban kuma tsaya kusa ba. Na riga na gama shirya hujjojina tun makon jiya, jarrabawa, ajin, makomarta. Ba wanda ya tambaye ni. In ta ce gida, gida ne. Na rubuta wannan, na kuma ƙi jinin ganinsa a rubuce.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na raka Gregory tasha. Shi kaɗai. Duk abin da ya ce shi ne in an samu mai zuwa zai aiko da sauran kayanta. Ban tambayi me suka tattauna ba.

Da na dawo na danna rawaya, ina so ko kallonta in yi. Ja. Na rataye rimot na tafi ɗakina na kama gyaran takardun 'yan aji uku. Ba wai na canja ba ne, har yanzu ina ganin bayan la'asar ya fi dacewa da karatu.

Can sai na ji motsi a bakin labulena, ƙofar ma a buɗe take. Muryar nan mai ƙarfi, mai ɗan karkata.

"Salama, Anti."

Ta tsaya a waje. Na ce "shigo," na sake cewa, ƙafafunta ba su motsa daga ƙarƙashin labule ba. Sai na tashi na ɗaga mata da hannuna.

Asabar zan koma Sabon Gari. Ƙofata ma tana bukatar kore.