Foldar da Ba a Ajiya a Cikinta

Litinin, 3 ga Maris

Ka yi haƙuri, littafi. Don lissafi Yaya ta saye ka, ga shi ina cika ka da maganar da na kasa yi da baki.

A kulob ɗin kwamfuta muna haɗa wasan tambayoyi da za mu nuna wa iyaye Juma'a ta sama. Mu huɗu, kwamfuta ɗaya, folda ɗaya. Kod ɗin da muka rubuta da fayilolin da kwamfuta ke fitarwa in ta harhaɗa shi, duk a cakuɗe. Yau ƙawata Rediyo (bakinta ba ya hutawa) ta buɗe wa Malam tsohon wasan, wanda ya ce gizo-gizo ƙafa shida gare shi. Malam ya ce in aka yi haka gaban iyaye, shi bai san mu ba.

Laraba, 5 ga Maris

A kicin dabarar ta zo mini. Umma ba ta haɗa ɗanye da dafaffe. Na rubuta ɗan jerin umarni, layi goma sha ɗaya: kod ya zauna a foldar “tushe”, abin da aka harhaɗa don gwadawa ya faɗa “gwaji”, na iyaye ya faɗa “nuni”. Kafin ya zuba sabo sai ya share tsohon, kamar wanke tukunya. Na ce musu su riƙa danna shi kawai. Sauran bayanin kuwa ban yi musu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya yi aiki! Malam ya tambayi wa ya yi. Na tsura wa takalmina ido.

Talata, 11 ga Maris

Hotuna goma sha biyu da Rediyo ta zana wa wasan, har da na raƙumi, sun ɓace. A “nuni” ta ajiye su, wai ita ce folda mafi tsabta. To ai sharewa ake yi. Ban faɗa musu ba. Ita ta ce kwamfutar ce ta kamu da cuta, Malam ya ce gobe a cire umarnin a koma yadda ake. Na kasa cin abinci.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗaga hannu.

“Malam, ba cuta ba ce. Ni na rubuta shi, kuma ni ce ban yi bayani ba.”

Ya miƙo mini alli. Na zana folda uku a allo, na ƙara ta huɗu, “hotuna”, wadda umarnin zai riƙa kwafa daga ciki ba tare da ya share ta ba.

Rediyo ta harare ni. “Ke dama kina magana? To yau sai kin zana mini raƙumin nan da hannunki.”

Raƙumina ya fi kama da kujera. Ta yi dariya har ta yafe.

Juma'a, 14 ga Maris

Gizo-gizo ƙafa takwas. Baban wata ya tambayi yadda foldojin ke aiki, sauran suka juyo gare ni. Rediyo ta ce minti bakwai na yi ina zuba, har ta tsorata zan ƙwace mata suna. Sharri ne. Bai fi biyar ba.

Littafi, akwai sauran shafuka. Ka yarda in ɗan ƙara cin wasu? Lissafin sai in fara shi ta baya.