Auta Ya Yanke Babanku Daga Bidiyo

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya maigidan da yara? Ni lafiya lau, ban da gwiwa, ita kuma kin san ta.

Maganar kaset-kaset ɗin bidiyo na marigayi babanku ce. Mai shagon hoto ya faɗi kuɗin haɗa su wuri ɗaya, ƙanenki Auta ya ce wannan sata ce, shi zai yi kyauta a kwamfutarsa. Tun ranar teburina ya zama nasa, a cinya nake cin abinci. Kwamfutar sai huci take kamar tsohuwar fanka, ta ɗau zafi ta tsaya cak, ya kashe ya kunna, ya yi tsaki.

Jiya ya kira ni in ga aiki. Ya sa kiɗa, ya sa furanni na zubowa, ga tambarin manhajar kyautar da ya yi aikin da ita zaune a goshina. Na gan ki, na gan shi, na ga kaina ina korar kyamara da tsintsiya. Har aka gama ban ji babanku ba.

Kin san halinsa, bai taɓa barin kowa ya riƙe kyamarar nan ba, wai za mu yar. Shi ya sa fuskarsa ba ta ciki. Nasa a ciki muryarsa ce, da tarinsa, da yatsan da ke tare gefen hoto. Auta ya kashe muryar ya ɗora kiɗa, duk inda yatsa ya leƙo ya yanke, wai datti ne. Yanzu kuma wai kwamfuta ta cika, zai goge na asalin da ya juye. Su kaset ɗin kuwa funfuna ta gama da su, da ƙyar suka juyu.

Na zare wayar wutar na kulle a akwatina. Ki kira shi, ke yake jin maganarki.

Ki gaida yara.
Mahaifiyarki.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fata tarin ƙaramin ya sauka.

Kin kira, na gode, amma an makara. Ashe tun kafin in zare wayar ya riga ya goge. Ya tona kwandon sharar kwamfutar, guntu ɗaya ya samu, ko shayi ba za ki dafa ba ya ƙare. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na ce ko ƙura ce kar ya taɓa. Ya ce ba mai kallon wannan. Na ce ba gayya na yi ba.

Rabin hoton yatsa ne, mai farcen nan da allurar keken ɗinki ta fasa. Sauran rabin Auta ne yana rarrafe wajen soket. Babanku na ta kiransa ya dawo, yana tari, yana ce mini ban iya kula da yaro ba, alhali shi ke tsaye a kansa da kyamara.

Auta ya maimaita, ya sake maimaitawa, sai hanci ya fara zuba. Na ce in kuka zai yi ya matsa, kar ya jiƙa kwamfutar, babanku na ciki.

Auta zai turo miki a waya. Ba kiɗa, ba fure. Kar ki ce a gyara. Faɗa babanku yake daga farko har ƙarshe, kuma ba shi da gaskiya.

Ki huta lafiya.
Mahaifiyarki.