Zaman jinyar Malam Bawa

Bodinga, daren Laraba

Yau na kai wa iyalin Malam Bawa, abokin aikinmu, abin da muka tara a makaranta: gero, sabulu da kwalbar kananzir. Da wannan tsadar, sai da na bi malamai ɗaya bayan ɗaya. Na hau keke zuwa Danchadi ina jin na yi abin kirki.

Tun da likitocin asibitin Sakkwato suka sallamo shi, suka ce a je gida a yi ta addu'a, matarsa Hajo kaɗai ke jinya. Ta yi godiya daga bayan asabari, sannan ta ce, "Malam, Allah shi saka. Amma da za a samu wanda zai zauna da shi in ɗan runtsa, da ya fi min geron."

Kunya ta kama ni. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Na shiga. Warin ciwon ya kusa koro ni waje, na daure. Na juya shi, na jiƙa masa leɓe da ruwa. Ya tambaye ni ko an yi wa albasarsa ban ruwa, na ce an yi, alhali ban sani ba. Allah ya yafe min. Hajo ta yi barci har la'asar.

Da zan tafi na biya ta fadama. Albasar ta fara yaushi. Na tuɓe riga, na ɗauki guga.