Mutumin da ke cikin hoton ba ɗan sarki ba ne

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Gidan Baje Kolin Zane-zane, Doha.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Sunana Rabi Lawal. Tarihi da Faransanci na karanta a gida Najeriya, na koyar shekara tara kafin aikin maigidana ya kawo mu nan. Wata takwas ke nan ina zagayawa da baƙi a gidanku, aikin sa kai, duk Asabar da Talata. Makon jiya aka sallame ni.

Na farko, ranka ya daɗe, a zaure na biyu akwai hoton wani Bafaranshe da zuriyarsa suka ba ku aro. Allon da ke ƙasansa ya ce ɗan sarkin Faransa ne. Ba haka ba ne. Sarautar da ya riƙe, wadda suke kira prince, ta wani ƙaramin gari ce mai gonakin inabi, kamar dai yadda a wajenmu za a kira mutum Sarkin Gabas alhali hakimi ne. Garin na kakansa ne na wajen uwa. Da kakan ya rasu ba ɗa namiji, 'yarsa ta gaji garin da sarautar, suka koma gidan mijinta. Daga baya juyin juya hali ya soke sarautu, aka sayar da gonakin, suna kaɗai ya rage. Duk wannan yana cikin takardun da iyalin suka haɗo da hoton. Ni na jera su da hannuna.

Na biyu, ranar Asabar na yi wa 'yan makaranta wannan bayani, wani dattijo yana tsaye a bayansu yana saurare. Ashe daga zuriyar mai hoton yake. Da Talata na iso, mai gadi ya ce katina na shiga ya daina aiki. Shugabar masu jagora ta fito ta ce na ɓata wa babban baƙo rai, khalas, wato shi ke nan, in koma gida. Na tambaye ta inda na yi kuskure. Ta ce ba maganar kuskure ake yi ba.

Na uku, wata makaranta a Al Rayyan tana jiran takardar shaidar aikina daga gare ku kafin ta ɗauke ni koyarwa. Ofishinku ya ce an dakatar da takardar.

Roƙona shi ne a ba ni takardar, a kuma sa wani mai jin Faransanci, ba ni ba, ya karanta takardun iyalin. In na yi kuskure, zan ba dattijon haƙuri a rubuce. In ban yi ba, a gyara allon, domin yaran nan suna kwafe shi a littattafansu.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Rabi Lawal,
Mansura, Doha.