Bajamushen nan da Baba

Daren Laraba, unguwar Setapak

Yau na gabatar da babin kundin digirina a kan shugaban 'yan kwaminis na Jamus. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa kafin ya riƙe jam'iyya. Ya ɓata shekaru yana faɗa da ɗaya jam'iyyar ma'aikata, har 'yan Nazi suka karɓe mulki. Sun daɗe suna tsare da shi, bai janye ko kalma ɗaya ba, daga baya suka harbe shi.

Malamata ta ce, "Hadiza, yabonsa kike yi ko haushinsa kike ji?"

Sai a jirgin ƙasa na LRT na gane Baba nake gani a jikin Bajamushen. Haka ya ɓata da amininsa, Kawu Sale, kan shugabancin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a Kaduna. Masaƙar ta rufe, Kawu ya rasu, ba su shirya ba.

Bayan Magariba na kira Baba, na daure na tambaye shi ko yana nadama.

"Ni ke da gaskiya," in ji shi. Can kuma ya ce, "Amma da ma na je jana'izarsa, Uwata."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba.