Sa Hannun Adawiyya

Damaturu, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hussain da yara. Yaya ƙafar Ya Kaka? Ki tsaya a kanta ta sha maganin da na aiko, kin san halin tsohuwar tamu da ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin katifa.

Takardarki ta uku a kan aji huɗu ta iso ofishinmu. Na karanta batun tsagewar bango, da yara ɗari da talatin a ɗaki ɗaya, da kwanon da iska ta ɗage. Adawiyya, ba makarantarki kaɗai ba ce. Irin takardar nan sun fi tamanin a teburina, kuma abin da aka sakar mana bana ko kuɗin alli bai kai ba. Ɗan abin da aka rubuta da sunan makarantarki an riga an toshe wata ɓaraka da shi.

To ga yadda za a yi. Babaji direba zai ba ki wata takarda tare da wannan wasiƙa, mai cewa an gyara ajin. Ki sa hannu, ki buga hatimi. In ba a nuna an yi aikin bana ba, baɗi ko sunanku ba za a saka ba. Kada ki kira ni a waya kan wannan magana. Ki kuma tuna mutum goma sha ɗaya suka nemi shugabancin makarantar nan, ni na tsaya miki.

Bangon nan tun muna ɗalibai yake tsaye, damina ɗaya ba za ta kayar da shi ba.

Yayanki mai ƙaunarki,
Umara

Damaturu, 14 ga Yuli

Ƙanwata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙarin haƙuri? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labari ya same ni tun ranar Laraba, cewa bangon ya rufta ana cikin ruwan hantsi. An ce yara bakwai suna asibiti, kuma Meram, 'yar Muhammadu Lawan mahauci na Kasuwar Shanu, ta cika kafin a kai ta. An ce ke kika tono ta da hannunki har farcenki biyu suka fita. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Na so zuwa Potiskum ta'aziyya, amma ganina a gidan yanzu zai jawo surutu.

Sai dai ina da tambaya. Kina ganin hadari ya haɗu, me ya sa kika bar yara a ciki? Na san za ki ce babu wani ɗakin. Da kin sallame su gida. Ke ce a wurin, ba ni ba.

Na ji Malam Zarami, malamin ajin, yana gaya wa mutane ko buhun siminti ɗaya ba a taɓa saukewa a makarantar ba. Ki ja masa kunne. In 'yan rediyo sun zo, ki ce ba ki da lafiya. Za a kafa kwamitin bincike. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, sauran ki bar mini.

Ki gaida Ya Kaka.

Yayanki,
Umara

Damaturu, 2 ga Satumba

Ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina samun barci yanzu. Hussain ya ce kin rame ƙwarai. Ki riƙa cin abinci, yaranki suna bukatarki.

Na san takardar kora ta iso miki, kuma na san kina fushi don kin gan ni zaune a matsayin sakataren kwamiti. Ba ni na nema ba. Lokacin da shugaba ya ɗaga takardar gyaran ajin nan ya ce, "Malama, wa ya ba ki wannan kika sa hannu?" kika juyo kika dube ni. Kika yi shiru. Allah Ya yi miki albarka. Da kin yi magana, gida biyu za su rushe maimakon ɗaya, kuma wa zai riƙe Ya Kaka?

Shekara goma sha tara kina aiki, a tashi babu fansho, akwai ciwo, na sani. Amma so aka yi a miƙa ki ga 'yan sanda, ni na roƙa aka bari. Maganar da ake yi a gari cewa kin cinye kuɗin gyara, ki toshe kunnenki, za su gaji. Na ji yanzu sai aike kike yi kasuwa, don mahauta ba sa amsa sallamarki. Shi ma zai wuce.

An ba Malam Bilyamin kujerarki. 'Yan aji huɗu suna gindin dogon yaro, in ruwa ya zo a tashe su. Mun sa makarantar a lissafin baɗi, in an saki kuɗi.

Jiya Muhammadu Lawan ya zo har ofishina, da takalmin Meram ƙafa ɗaya a aljihu. Ya ce ba diyya yake nema ba, so yake ya san yadda macen da ta koya wa 'yarsa rubuta sunanta za ta yi haka. Ya yi kuka, ni ma na yi. Na ce masa ni kaina ban san ki da wannan hali ba. Ki yafe mini, akwai mutane a ofishin.

Bikin 'yata Munawwara ranar ashirin ga wata ne. Tana ta tambayar gwaggonta, amma manyan ofis za su zo, gara ki zauna a gida wannan karon. Zan aiko miki da naki ankon.

Abu na ƙarshe. Wasiƙun nan biyu da na rubuto miki a baya, ki ƙona su a gaban Babaji. Ki haɗa da wannan.

Yayanki da ba ya mantawa da ke a addu'a,
Umara